Dabbobin Kwabet ɗin Salma

Litinin, 4 ga Agusta, bayan la'asar

Yau kwana shida da kwantar da matata Ummussalma a asibiti. Da hantsi likita ya leƙo ya ce mijinta ya biyo shi ofis. Ya ba ni kujera, ya tashi da kansa ya rufe ƙofa. Ni malamin dabbobi ne, shekara goma sha tara ina yi wa shanu allura daga Surko har Unguwar Ya, na san abin da ke biyo bayan rufe ƙofa. Abin da ya faɗa ba zai shiga littafin nan ba. Abu ɗaya zan rubuta don kar in manta: ya ce ta ci abinci, ta sha magani, kuma kada ta karaya. Ya ce ranar da ta karaya ta daina ci, abin zai yi sauri.

Da na koma ta ce, "Malam, me ya ce?" Na ce ƙarancin jini ne kawai, sai a dage da zogale da hanta. Ta ce Alhamdulillahi, ta gyara ɗankwalinta.

Na zo gida ɗaukar mata zani, sai na tsinci kaina a gaban kwabet ina ƙirga dabbobina. Arba'in da bakwai ne, kamar jiya. Dainoso ake ce musu, manyan halittun nan da masana suka ce sun ƙare tun kafin ɗan'adam ya taka ƙasa. Nawa na roba ne, ƙaramin cikinsu bai fi ɗan yatsa ba, babban ya kai kamu ɗaya. Shekara goma sha ɗaya ina tsintarsu ɗai-ɗai a cikin gwanjon kayan wasan yara. Mutanen unguwa suna ce musu ƙadangarun Hambali. Su ce mana, bakinsu ne.

Laraba, 6 ga Agusta, da azahar

Ta sha kunu ludayi biyar. Na ƙirga.

Alhamis, 7 ga Agusta, da yamma

Mahaifiyarta Inna Hawwa ta zo daga Zandam tare da yayan Salma, Saifullahi. A bakin get ɗin asibiti na ja Saifullahi gefe na gaya masa. Ya cire hula ya daɗe yana kallon cikinta. Shi ya gaya wa Inna. Mun yi shawara mu uku, ko in ce mu biyu, don Inna ba ta magana da ni kai tsaye. Shekara goma sha huɗu da na auri 'yarta, in na durƙusa na gaishe ta, gefen zaninta take amsa wa. Mun tsaya a kan babu mai gaya wa Salma komai.

Da magariba ta ƙarato na kawo Inna gida ta yi wanka. Tana shiga falo ta ga kwabet ta ja da baya ta ce a'uzubillahi. Da can in ta zo Salma takan yafa masa zani. Ni na manta.

Asabar, 9 ga Agusta, da hantsi

An sallame ta. Ta ce a shimfiɗa mata katifa a falo, ɗaki ya cika rima da ruwan nan da ake tafkawa. Ga ta nan kwance tana fuskantar kwabet.

Kwabet ɗin ma nata ne, na kayan aurenta. Lokacin da dabbobin suka kai goma ina jibge su a kwali ƙarƙashin gado, ita ta kwashe tangaran ɗinta daga hawa na sama ta ce, "Kawo bayin Allah nan su sha iska." Yanzu sun cinye hawa uku. Ita take goge su duk Asabar da tsohon burushin haƙori. Sunayensu na littafi da na sha wahala na haddace, ta ce ba za ta karya harshenta a banza ba, ta raɗa musu nata. Mai dogon wuyan nan, wanda na fara saya, shi ne Dogo. Mai manyan haƙora da 'yan guntayen hannuwa Sarkin Fawa. Akwai Mai Zarto, akwai Ƙaho Uku, akwai wani siriri mai kama da ɓarawon kaji da take kira Saifullahi in ba ya nan.

Yau ta ce in miƙo mata Dogo da burushi. Ta goge shi tas. Ta ce, "Ka bar min su cikin ƙura, Malam, ashe in na yi tafiya marayu za su zama." Na ce wace irin magana ce wannan, na fita duba babur ɗina wanda babu abin da ya same shi.

Litinin, 11 ga Agusta, bayan la'asar

Na je Surko, garken Manu. Saniyarsa ɗaya ta kwanta tun shekaranjiya. Na ja fatar idonta na duba, fari fat. Manu ya gane daga fuskata, bai tambaye ni ba, ya aika a kira mahauci.

Da na dawo Salma tana barci. Na tsaya a kanta, hannuna ya miƙa da kansa zai ja fatar idonta. Na mayar da shi aljihu.

Laraba, 13 ga Agusta, da safe

Inna ta fara yi wa bango magana. Tana shara a tsakar gida, ni ina ɗaure akwatin allura a bayan babur, sai na ji tana cewa, "Gidan da aka tara gumaka, ta ina mala'ikun rahama za su shigo? Mara lafiya kwance, dodanni sun zuba mata ido." Ba da ni take ba, da bango take. Ni ma na yi kamar bango.

Laraba, da yamma

Saifullahi ya zo takanas daga gidansa na Gwaram a cikin ruwan nan don ya isar min da saƙon da na riga na ji da kunnena. A zaure muka zauna. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce Inna ta ce ko dai a fitar da su daga gidan, ko ta ɗauki 'yarta su tafi Zandam.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce Zandam akwai likita ne? In ruwa ya cinye hanya jikinta ya rikice, a kan jaki za ku kawo ta? Na ce roba ce, Saifullahi, irin robar butar da kake alwala da ita. Ban taɓa durƙusa musu ba, ban taɓa roƙonsu ko ƙwayar gero ba. Na tuna masa shekara shida da suka wuce yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya zo da wannan maganar, har ya yi wata uku ba ya cin abincin gidana, ban taɓa ko ɗaya ba. A gaban Salma na ce masa ko sama da ƙasa za su haɗe babu mai taɓa min su, kuma babu wanda ya taɓa.

Saifullahi ya ce, "Malam Hambali, rage murya, tana ji." Wannan ce kawai maganar hankalin da aka yi a zauren, kuma ba ni na yi ta ba.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan saukowa daga masallaci

Na tsaya wurin Malam Salihu, limamin unguwarmu. Na so ya ba ni abin da zan toshe bakin kowa da shi. Ya saurare ni har na gama huci. Ya ce maganar Inna tana da asali, ba ƙirƙira ta yi ba. Ya ce amma malamai sun yi sassauci a kan kayan wasan yara, in akwai yara a gida suna wasa da su. Sai ya kau da kai yana gyara carbinsa. Duk unguwar nan an san gidana babu yaro.

Ya ce abin da ya fi kwanciyar rai shi ne a cire kai. Sura kai ce, in babu kai ta zama kamar kututturen itace, sai ka ajiye abinka. Na ce, Malam, dabbar da babu kai me zan kalla a jikinta? Ya ce, "Ni dai ka tambaye ni, na gaya maka. Yaya mai jikin?" Na ce da sauƙi.

Asabar, 16 ga Agusta

Ludayi huɗu da safe. Da rana ta mayar. Ba ta nemi burushi ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, bayan la'asar

Maikuɗi mai gwanjo na bakin tasha ya kira ni, wai ya fasa sabuwar dila. Na ce masa matata ba ta da lafiya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, amma wannan da nake ta nema ne, mai sulke a baya da ƙulli a wutsiya. Shekara huɗu ina masa naci. Na ce ba zan zo ba. Kafin rabin awa ina gaban shagonsa. Allah ya shirye ni.

A aljihun riga na shigo da shi kamar ɓarawo. Da Inna ta shiga sallah na zaro na nuna wa Salma. Ta juya shi ta juya, ta taɓa ƙullin wutsiyar ta ce, "Wannan ai Ɗan Doka ne, ga kulkinsa." Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kai dai Malam ba ka da dama. Ana ta kai wa yake ta kaya, matarka kwance kana yawon gwanjo." Amma na ga fuskarta ta saki, irin sakin da ban gani ba tun farkon damina. Ta ce a zubo mata tuwo. Ta ci loma tara da miyar kuka, ta sha ruwa, ta yi gyatsa.

Arba'in da takwas.

Laraba, 20 ga Agusta, da hantsi

Mun koma asibiti. A motar maƙwabci.

Alhamis, 21 ga Agusta

An ƙara mata jini. Ba ta san wanda ke kanta ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Ta farfaɗo, ta gane mu. Likita ya sake kirana. Wannan karon bai ba ni kujera ba, a tsaye muka yi. Ya ce zuwa Talata ko Laraba in ta ɗan yi ƙarfi mu kai ta gida ta huta cikin 'yan'uwanta. Ya ce duk abin da ranta yake so a ba ta.

Na fito na zauna a kan dakalin baranda. Sai ga Inna ta zo ta tsaya a gabana. Na zamo zan durƙusa, sai na ga ita ma ta durƙusa, tsohuwar da ta haifi matata, a gaban mutane. Ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Hambali." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ta ce, "Ba faɗa na zo yi ba. Ni na haife ta, na san abin da nake gani. Roƙonka nake, in lokacin ya zo, kada mala'ikun rahama su zo su tsaya mata a bakin ƙofa."

Na ce, "Inna, don Allah ki tashi." Ta ce sai na amsa. Na amsa.

Ina jin tsoro. Bari in rubuta shi sau ɗaya, tsoro nake ji.

Lahadi, 24 ga Agusta, daga hantsi zuwa azahar

Da farko na ce in kwashe su in kai wa Maikuɗi ajiya. Sai na tuna ranar Laraba za a shimfiɗa mata katifa a gaban kwabet. In ta buɗe ido ta ga hawa uku wayam, me zan ce mata? Sai dabara ta zo min, a lokacin har ina yaba wa kaina. Na ce in bi maganar Malam Salihu, in cire kawunan, in juya su su fuskanci ciki, wutsiya waje. Idonta ya yi rauni, daga katifa jiki da wutsiya kawai za ta hango. Inna ta samu abin da take so, Salma ba ta rasa komai ba.

Da wuƙar aikina na yi, wadda nake fasa ƙurjin shanu da ita. Na shimfiɗa buhu a tsakar gida. Ƙananan ba su da wuya, yanka ɗaya. Wasu ashe holoƙo ne, babu komai a ciki sai iska. Sarkin Fawa robarsa tauri gare ta, sai da na ɗora wuƙar a wuta. Ƙaho Uku ban san inda kansa ya ƙare wuyansa ya fara ba, na ɓata shi. Ɗan Doka kwana bakwai ya yi a gidana da kai.

Dogo na bari ƙarshe. Kansa bai fi ƙwayar gyaɗa ba a kan wannan dogon wuyan. Na ce wannan ɗan abin ma sai an cire? Na cire.

Na haƙa rami a gindin zogale na zuba kawunan na rufe. Na jera sauran, kowa a wurinsa, na ja labulen taga don falon ya rage haske. Na koma inda katifa take na kwanta na duba. Ba a gane komai. Na rantse ba a gane komai.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Ta dawo gida. Inna ta buɗe kwabet ta leƙa, ta rufe. Da yamma ta kawo min fura da hannunta.

Alhamis, 28 ga Agusta, da safe

Ludayi shida. Tana maganar kaka, wai in an cire gyaɗa za ta je Zandam ta yi mana ƙuli-ƙuli na shekara, na gaji da sayen na kasuwa mai ƙasa-ƙasa. Na ce Allah ya kai mu. Inna ta tashi ta fita.

Juma'a, 29 ga Agusta, da yamma

Ta ce, "Malam, mutanen naka fushi suke da ni ne? Duk sun juya min baya." Na ce rima ce ta kama fentin fuskarsu, na juya su su bushe. Ban san daga ina ƙaryar nan take zuwa min ba, ko tunani ba na yi. Ta ce gobe Asabar in miƙo mata Dogo. Na ce sai ta ƙara ƙarfi.

Asabar, 30 ga Agusta

Ta tambaya sau biyu. Na ce burushin ya ɓata.

Lahadi, 31 ga Agusta, bayan la'asar

Da hantsi aka kira ni Unguwar Ya, saniya ta kasa haihuwa. Na ce wa Inna kada ta matsa daga falo. Ta matsa, wanki ta je shanyawa don rana ta ɗan leƙo. Ba na ganin laifinta, laifin wanda ya riƙe wuƙa ne.

Da na dawo na tarar da kwabet a buɗe. Daga katifa zuwa wurin taku huɗu ne, matar da sai an riƙe ta take zama. Ban san yadda ta yi ba. Tana zaune a ƙasa ta jingina da bango, Dogo a cinyarta, ta ɗora babban yatsanta a inda na yanke. Ta juyo da guda biyar ko shida na hawan ƙasa. Inna tana tsaye a ƙofa da jiƙaƙƙen zani a hannu.

Na fara cewa ɓera ne. Wallahi haka na fara cewa.

Ta ce, "Zauna, Malam." Na zauna.

Ta ce, "Yayanka ya yi wata uku ba ya cin tuwona a kan waɗannan, ba ka taɓa su ba. Ina kwance a nan na ji ka a zaure kana yi wa Yaya Saifullahi ihu. Ranar na ce a raina, in dai har Malam yana da ƙarfin faɗa a kan robobinsa, to jikina da sauƙi. Ranar da ka shigo da Ɗan Doka a aljihu na ce ai shi ke nan, mutumin da matarsa za ta mutu ba ya zuwa gwanjo."



Ta ce, "Ba laifi ka yi ba. Ka share wa mala'iku hanya ne, su shigo min ba tare da wani cikas ba. Allah ya saka maka da alheri." Ba gatse take ba. Da gatse ne da na ji sauƙi.

Sai ta ce, "Kwana nawa ya ce?"

Na ce likita ba Allah ba ne. Ta ce ta sani, kwana nawa ya ce. Na gaya mata abin da ban rubuta a nan ba. Ta gyaɗa kai, ta miƙo min Dogo ta ce in mayar da shi wurinsa, kuma in daina juya su, ta riga ta gani.

Litinin, 1 ga Satumba, da safe

Ba ta sha ba. Ta ce ba ta jin yunwa.

Litinin, da azahar

Ba ta sha ba.

Talata, 2 ga Satumba, da hantsi

Na dama kunun da kaina, na sa tsamiya yadda take so. Na durƙusa a gaban katifa na roƙe ta, na ce ko ludayi ɗaya, don ni. Ta dube ni ta daɗe. Ta karɓi ludayin ta kai baki, ta riƙe shi a can, sai ta mayar cikin kwano yadda yake.

Ta ce, "Na gwada, Malam. Da can ina sha ne don in tashi."

Ta ce in kira Yaya Saifullahi ya nemo mota, tana so ta ga Zandam tun tana iya zama. Na kira shi. Ya ce zai iso kafin azahar in hanya ta bari.

Kunun yana nan gefena, ya yi sanyi. Inna tana ɗaure kaya.